Tarihin Buɗe Ƙofar Ilmin Injiniya da Kimiyya ga Baƙar Fata da Mata a Amurka

A cikin shekara ta 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar da ya raba Amurka gida biyu a kan batun bauta, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan wata doka wadda ake kira da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Justin Morrill, wadda ta yanka wa kowace jiha filaye daga ƙasar gwamnati, ta ce a sayar, a kafa makarantu da kuɗin, inda 'ya'yan manoma da na masu sana'a za su koyi ilmin noma da na ƙere-ƙere. Da yawa daga manyan makarantun injiniya na ƙasar, kamar Purdue da Cornell da jami'ar Illinois, daga wannan doka suka samo asali, har MIT ma ta sami nata rabo. Amma a jihohin Kudu, inda galibin bayin da aka 'yanta suke zaune, waɗannan makarantu ba su karɓar baƙar fata, sai da aka yi doka ta biyu a 1890, wadda ta ce jihar da ke son kuɗin gwamnati ko dai ta karɓi kowa, ko kuwa ta gina wa baƙar fata tasu makarantar dabam. Jihohin Kudu kuwa duk suka zaɓi na biyu, suka gina, sa'an nan suka ƙuntata wa abin da suka gina, ta yadda har a shekara ta 2023 ministan ilmi da na noma suka rubuta wa gwamnoni 16 cewa abin da aka tauye wa waɗannan makarantu daga 1987 zuwa 2020 kaɗai ya haura dala biliyan 12.

Shi kuwa ilmin injiniya, ba kamar nahawu ko tarihi ba, ba ya yiwuwa da malami da littafi kawai. Yana bukatar ɗakin gwaji, da injuna, da ma'aunai masu tsada, saboda haka ƙuntatawar ta fi yi masa illa bisa ga kowane fanni. Har zuwa wajen 1970 makarantun baƙar fata shida ne suka shahara da koyar da shi, watau Howard ta birnin Washinton, da Tuskegee, da North Carolina A&T, da Prairie View, da Southern, da Tennessee State, kuma daga cikinsu ne kaso mai yawa na injiniyoyi baƙar fata suke fitowa. Akwai kuma wata illa wadda ta fi wannan zurfi. Likita baƙar fata yana iya duba marasa lafiyan unguwarsu, lauya ya tsaya wa 'yan'uwansa a kotu, malami ya koyar a makarantarsu, amma injiniya ba shi da inda zai kai ilminsa sai kamfani ko ma'aikatar gwamnati, su kuwa a hannun waɗanda ba su son ganinsa suke. Don haka uba mai hankali, in ya ga ɗansa ya gwanance da lissafi, sai ya ce masa ya nemi malanta, ba don ƙarancin buri ba, sai don sanin halin ƙasar. Mata ma, fararensu da baƙaƙensu, kusan haka suke, domin ko da yake wasu daga cikinsu sun kafa ƙungiyarsu ta injiniyoyi mata tun 1950, suka zaɓi Beatrice Hicks ta shugabance su, har 1970 ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu karɓar digirin injiniya ba.

Labarin mutum biyu ya isa ya nuna yadda al'amarin yake a ƙasa. Mary Jackson ma'aikaciyar lissafi ce a cibiyar binciken jiragen sama ta Langley a jihar Bajiniya, wadda maigidanta a wurin aiki, Kazimierz Czarnecki, ya ga basirarta ya shawarce ta ta yi karatun da zai mai da ita injiniya. To, darussan nan da dare ake yinsu a makarantar sakandaren Hampton, wadda ta farar fata ce zalla, sai da ta rubuta takardar roƙo ga hukumar garin kafin a yarda ta zauna a aji, kuma a 1958 ta zama mace baƙar fata ta farko da hukumar NASA ta kira injiniya. Na biyun shi ne Ronald Yancey, wanda ya shiga makarantar Georgia Tech ta birnin Atlanta jim kaɗan bayan ta fara karɓar baƙar fata a 1961. In ya zauna a aji sai kujerun da ke kewaye da shi su zama wayam, in an shiga ɗakin gwaji, inda al'ada ita ce ɗalibai su yi aiki bibbiyu, shi kaɗai yake nasa. A haka ya daure har ya karɓi digirin injiniyan lantarki a 1965, shi ne baƙar fata na farko da ya sauke karatu a makarantar. Mai karatu ya riƙe wannan batu na kujerun wofi, domin duk tarihin da ke tafe a kansa yake juyawa.

Ta fuskar shari'a abubuwa sun sauya da sauri. Kotun Ƙoli ta haramta wariyar makarantu a 1954, Majalisa ta yi dokar 'yancin ɗan ƙasa a 1964, a 1965 kuma Shugaba Lyndon Johnson ya ba da umarni mai lamba 11246, wanda ya wajabta wa duk kamfanin da ke cin kwangilar gwamnati ya nuna ƙoƙarin da yake yi na ɗaukar waɗanda aka saba ƙi. Sai kamfanoni suka fita neman injiniyoyi baƙar fata, suka tarar babu su, har ya zama ɗan abin da makarantun nan shida suke fitarwa ne ake ta wawaso a kansa.

A cikin wannan hali ne, a watan Yuli na 1972, kamfanin General Electric ya tara shugabannin tsangayoyin injiniya a cibiyarsa ta horon ma'aikata da ke Crotonville a jihar Niyok, inda wani babban jami'insa, J. Stanford Smith, ya tashi ya yi jawabin da masu tarihin wannan fanni suke ɗauka shi ne mafarin haraka. Bai yi musu wa'azi ba, lissafi ya yi musu, domin ya san da su wa yake magana. Ya ce a cikin injiniyoyi 43,000 da suka sauke karatu a 1971, baƙar fata 407 ne kacal. Ya ce mafi yawan waɗanda ke hawa manyan kujerun masana'antu ta ƙofar ilmin fasaha suke shigowa, kuma hawan nan yana cin shekara goma sha biyar zuwa ashirin da biyar. Saboda haka duk wanda ba ya cikin ajin injiniya a yau, ba za a gan shi a ɗakin shawarar kamfani ba har ƙarshen ƙarni, komai yawan dokokin da aka yi. Ya nemi a ninka adadin sau goma, ya kuma yi gargaɗin cewa in ba a yi ba, ƙasar tana tanadar wa kanta masifa.

Ba na jin ya kamata a ɗauki Smith da abokansa a matsayin waliyyai. Biranen Amurka sun sha tarzoma a 1965 da 1967 da 1968, hukuma tana matsa musu da umarnin Johnson, kuma suna bukatar ma'aikata. Maslaha ce ta haɗu da adalci. Sai dai maslaha tana da wata falala guda, ita ce tana sa attajiri ya buɗe jaka ya kuma dawo ya tambayi abin da aka yi da kuɗinsa, abin da tausayi kaɗai bai cika sa shi yi ba.

Mutumin da ya ɗauki wannan kira ya mai da shi tsari malami ne, Percy Pierre, haifaffen jihar Luwiziyana a 1939, wanda ya yi karatu a jami'ar Notre Dame, ya karɓi digirin digirgir a Johns Hopkins a 1967, shi ne baƙar fata na farko a Amurka da ya kai wannan daraja a injiniyan lantarki, kuma tun 1971 yake shugabantar tsangayar injiniya ta Howard. A 1973 yana cikin waɗanda suka jagoranci wani babban taro a ƙarƙashin majalisar manyan injiniyoyin ƙasar, inda malaman jami'a da shugabannin kamfanoni da jami'an gwamnati suka yi ijma'i a kan manufa guda, shugaban General Electric kansa, Reginald Jones, ya yarda ya shugabanci majalisar shawara ta manyan masu masana'antu, gidauniyar Sloan kuma ta yi alkawarin kashe dala miliyan 12 zuwa 15, ta ɗauki Pierre ya riƙa raba lokacinsa tsakanin Howard da ofishinta don ya duba inda kuɗin za su shiga. A 1974 wani kwamiti a ƙarƙashin Louis Padulo na jami'ar Stanford ya fitar da littafin tsarin aiki, wanda ya bi hanyar yaro tun daga sakandare har zuwa digiri na biyu, yana nuna kowane wurin da ake yin asararsa, ya kuma sa wa'adin cewa kafin ƙarshen shekarun 1980 rabon tsiraru a makarantun injiniya ya yi daidai da rabonsu a cikin jama'a. Su tsirarun nan kuwa, a lissafin kwamitin, sun haɗa da baƙar fata, da 'yan asalin Meksiko da Puerto Rico masu jin Sifaniyanci, da ƙabilun asali waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar.

Daga wannan yunƙuri ƙungiyoyi suka tsiro bi da bi. Majalisar Jones ita ce ta zama NACME, wadda ta fara a 1974, ta haɗe da asusun tallafin ɗalibai a 1980, ta zama babbar mai ba tsiraru tallafin karatun injiniya daga aljihun kamfanoni. A 1976 aka kafa GEM a Notre Dame da goyon bayan shugabanta, Fada Theodore Hesburgh, bisa wata yarjejeniya mai sauƙi: kamfani ya ba ɗalibi aikin hutu ya kuma sa kuɗi, jami'a ta karɓe shi karatun digiri na biyu. A can Kalifoniya kuwa tun 1970 wata malamar lissafi, Mary Perry Smith, da wani shaihin malamin injiniyan man fetur na jami'ar Berkeley, Wilbur Somerton, sun fara shirin MESA da yara 25 a wata sakandaren birnin Oakland, domin sun gane cewa yaron da bai ɗauki aljabara a kan kari ba an riga an yanke masa hukunci tun bai san sunan injiniya ba. Kuɗin gidauniyoyi ne suka yaɗa shirin zuwa sauran jihar.

Ɗalibai suka fara shigowa da yawa, sai matsala ta biyu ta bayyana, wadda ta fi ta farko wuyar magani: suna shiga, amma ba su fita da digiri. A Purdue, a ƙarshen shekarun 1960, kusan takwas cikin goma na baƙar fata da suka fara injiniya sukan bari bayan shekarar farko. Ɗaliban da kansu ne suka fara neman mafita, sa'ad da biyu daga cikinsu, Edward Barnette da Fred Cooper, suka je wurin shugaban tsangaya a 1971 suka nemi izinin kafa ƙungiya, aka haɗa su da Arthur Bond, wanda ke karatun digirin digirgir a lokacin, ya zama musu uba. Bayan 'yan shekaru wasu samari shida 'yan Shikago suka rubuta wa makarantun injiniya na ƙasar wasiƙu, aka taru a Purdue a watan Afrilu na 1975, ɗalibai 48 daga makarantu 32, aka kafa ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata ta ƙasa, watau NSBE, wadda har yau ɗalibai ne ke mulkinta. Masu jin Sifaniyanci sun kafa tasu a Los Angeles a 1974, 'yan ƙabilun asali kuma a 1977. Wani malami, Raymond Landis, ya fara wani shiri a jami'ar Northridge a 1973 wanda jigonsa shi ne a sa ɗaliban a aji ɗaya, a ba su ɗaki guda inda za su zauna su yi karatu tare. Dukansu sun taɓo gaskiyar da hannu, amma wanda ya kafa mata hujja wani ne dabam.

Uri Treisman ɗalibin lissafi ne mai neman digirin digirgir a Berkeley, yana kuma koyar da 'yan shekarar farko babban lissafin nan da ake kira kalkulas, wanda shi ne mashigar duk ilmin injiniya. Ya lura cewa baƙar fata suna faɗuwa da yawa, 'yan asalin ƙasar Sin kuwa suna wucewa da daraja, sai ya tambayi malamai dalili, suka ba shi amsoshi huɗu waɗanda kowa zai iya bayarwa daga kan kujerarsa: talauci, da rashin himma, da raunin makarantun da suka fito, da rashin goyon bayan iyaye. Maimakon ya karɓi wannan fatawa, sai a tsakiyar shekarun 1970 ya zaɓi ɗalibai ashirin daga kowane ɓangare, ya bi su ɗakunan kwanansu da wuraren cin abincinsu, ya zauna yana kallon yadda suke karatu, ya kuma gana da iyalan wasunsu. Abin da ya gani ya rushe amsoshin nan. Iyayen sun ɗora burinsu duka a kan yaran, yaran kuma su ne zakarun makarantunsu, masu himma matuƙa. Hasali ma himmar ce ta koya musu, tun suna sakandare, su ware kansu daga abokai in suna son su ci gaba. Ɗayansu yakan rufe ƙofa ya yi sa'o'insa cif, ya duba amsa a bayan littafi, in ta saɓa ya sake bin lissafinsa shi kaɗai yana neman inda ya yi kuskure, ba ya tambayar kowa, domin yana tsoron kada tambaya ta tabbatar da zaton da ake yi wa irinsa. 'Yan Sin kuwa sukan yi nasu karatun su kaɗai, sa'an nan da yamma su taru, ana cin abinci ana gardama a kan matsala guda, wannan ya gyara wa wancan, wani ya kawo takardun jarrabawar bara da ya samo wurin yayansa, har kowa ya san matsayinsa, ya kuma san cewa tambayar da ta gagare shi ta gagari kowa. Duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasarmu ya san wannan, domin abin da almajiri ya ji a bakin shaihi da safe ba ya zama nasa sai ya yi muraja'arsa da 'yan'uwansa bayan an tashi.

Maganin da Treisman ya tsara a 1978 yana da hikima a wuri guda da ya kamata a lura da shi. Bai kira shi ajin taimakon raunana ba, domin ya san waɗannan yara ba za su taka ƙofar da aka rubuta wa haka ba. Ya mai da shi ajin zaɓaɓɓu, ya ba su matsaloli waɗanda suka fi na aji wuya, irin waɗanda dole sai an haɗa kai, malami yana zagayawa yana sauraro ba tare da ya ba da amsa ba. Faɗuwa ta ragu ƙwarai, har ɗaliban shirin suka riƙa wuce sauran 'yan ajinsu, jami'o'i da dama kuma suka kwaikwaya.

Wanda ya tattara waɗannan darussa duka ya gina su a wuri ɗaya shi ne Freeman Hrabowski. An haife shi a 1950 a Birmingham ta jihar Alabama, iyayensa malaman makaranta, shi kuwa yaro mai son lissafi, wanda yana ɗan shekara 12 ya ji Martin Luther King yana kiran yara su fito zanga-zanga don su sami makarantu masu kyau. Iyayensa suka hana shi da fari, suka kwana suna addu'a, da safe suka bar shi ya tafi, kwamishinan 'yan sandan garin, Bull Connor, ya tofa masa yau a fuska, aka kulle shi kwana biyar a watan Mayu na 1963. Ya sauke digirin lissafi a Hampton yana da shekara 19, ya karɓi digirin digirgir a Illinois yana da 24, a 1987 kuma ya zo jami'ar UMBC kusa da Baltimore, ƙaramar makaranta wadda aka buɗe a 1966, ba ta da suna ba ta da dukiya, inda ya tarar ɗalibai baƙar fata suna faɗuwa a darussan kimiyya kamar yadda suke yi ko'ina. A nan aka haɗa shi da Robert Meyerhoff, attajiri Bayahude wanda ya karanta injiniyan gine-gine a MIT ya yi arziki da gina gidaje, wanda abin da ke damunsa shi ne makomar samari baƙar fata. Shi da matarsa Jane suka ba da dala 500,000 a 1988, a shekarar da ta biyo baya aka ɗauki samari 19, a 1990 aka fara ɗaukar 'yan mata.

Ga yadda abin yake. Kafin a buɗe makaranta, zaɓaɓɓun ɗalibai sukan zo su yi mako shida na horo mai tsanani, ana tashinsu da sassafe, ana koya musu lissafi da kimiyya, ana kuma wajabta wa kowa ya san sunan kowa, in ɗaya ya makara dukansu ne suka makara. In karatu ya fara, a gida ɗaya suke kwana a shekarar farko, a sahun gaba suke zama a aji, ƙungiyar karatu kuma farilla ce a kansu. Wanda ya sami matsakaicin maki a darasin tushe sai a shawarce shi ya maimaita, domin ba a son gini a kan rauni. Kowane hutu a tura shi ɗakin binciken wani masani ya yi aiki da hannunsa. Kuma tun ranar farko ana gaya masa cewa digirin farko zango ne, digirin digirgir ake nufa. Ana kiran kowane rukuni da lambarsa, M1, M2, har zuwa yau, manya suna riƙe da ƙanana. Da masu bincike, a ƙarƙashin Kenneth Maton, suka gwada waɗanda suka shiga shirin da waɗanda aka ba gurbi suka ƙi suka tafi wasu jami'o'i, galibi mafiya suna, sai aka tarar na farkon sun fi na biyun shiga karatun digirin digirgir na kimiyya kusan ninki biyar. Ƙaramar makarantar nan ta zama ta ɗaya a Amurka wajen fitar da baƙar fata waɗanda ke zuwa su haɗa digirin likita da na digirgir. Daga cikin ɗalibanta akwai Jerome Adams, wanda ya zama babban likitan ƙasar a 2017, da Kafui Dzirasa, ɗan mutanen Gana, masanin ƙwaƙwalwa a jami'ar Duke, da Kizzmekia Corbett, wadda ta sauke karatu a 2008, ta kuma kasance cikin jagororin masanan gwamnati da suka tsara allurar rigakafin korona tare da kamfanin Moderna a 2020. Hrabowski ya shugabanci jami'ar shekara talatin, daga 1992 zuwa 2022.

Duk wannan yana gudana ne alƙalai suna bin sawu. Tun 1978, a shari'ar Bakke, Kotun Ƙoli ta hana ware kujeru da adadi saboda launin fata, ko da yake ta yarda a duba launin a cikin sauran abubuwa. A 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke wani tallafin karatu na jami'ar Maryland da aka keɓe wa baƙar fata, sai Hrabowski, maimakon ya jira a kawo masa sammaci, ya buɗe shirin Meyerhoff a 1996 ga duk ɗalibin da ya cancanta kuma ya yarda da manufarsa, ko wane launi ne. Wasu sun ga kamar ja da baya ne. Ni kuwa ina ganin a nan ne aka gwada ƙarfin ginin, domin an cire sharaɗin launi amma sakamako bai rushe ba, abin da ya nuna cewa amfanin yana cikin tarbiyyar da ake bayarwa bayan an shigo. Masu adawa da irin waɗannan shirye-shirye suna da hujjar da ba a raina ta, cewa hukuma ba ta da ikon fifita ɗan wani a kan ɗan wani saboda asali, ko da niyyar gyara ce, kuma ita ce ta yi nasara ran 29 ga Yuni 2023, sa'ad da Kotun Ƙoli ta haramta duba launi wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar jami'o'in Harvard da North Carolina. A watan Janairu na 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya soke umarnin nan na Johnson bayan ya yi kusan shekara sittin yana aiki.

Sha'anin mata ya bi tasa hanyar, amma ya iso wuri ɗaya. A MIT, a 1993, wata shaihiyar malamar ilmin halittu, Nancy Hopkins, ta nemi a ƙara mata ɗan fili don ajiye tankunan kifin da take bincike a kansu, aka yi ta ja mata rai, sai ta ɗauki tef ɗin awo ta bi ɗakunan gwajin abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, ta tarar nata bai kai na ƙananan malamai maza ba, balle na tsararrakinta. Ta kai wa sauran mata, waɗanda a lokacin su 15 ne masu tabbataccen muƙami a tsangayar kimiyya a gaban maza 194, kowace ta ce ita ma ta ga irin haka amma ta zaci ita kaɗai ce. Rahoton da ya fito a 1999 ya girgiza jami'o'in ƙasar, ba don abin da ya ƙunsa kaɗai ba, har da cewa shugaban MIT, Charles Vest, ya amsa a rubuce cewa abin gaskiya ne, alhali lauyoyi sukan hana shugabanni irin wannan iƙirari. A jami'ar Carnegie Mellon, Allan Fisher da Jane Margolis sun gano cewa sharaɗin sai ɗalibi ya taɓa rubuta manhajar kwamfuta kafin a ɗauke shi ba ya nuna wanda zai yi fice daga baya, yana dai tace 'yan mata ne kawai. Da aka sassauta shi tare da wasu gyare-gyare, rabon mata a cikin sababbin ɗaliban kwamfuta ya tashi daga kashi 7 cikin ɗari a 1995 zuwa 42 a 2000. Kwalejin Harvey Mudd, a zamanin shugabancin Maria Klawe wanda ya fara a 2006, ta raba ajin farko gida biyu don kada waɗanda suka riga suka iya su cika ɗaki da surutu su firgita masu farawa, rabon mata a fannin ya tashi daga wajen kashi 10 zuwa wajen 40 cikin 'yan shekaru.

In aka zo hisabi, mata yanzu sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu na masu karɓar digirin injiniya a Amurka, masu jin Sifaniyanci sun haura kashi 10 cikin ɗari, adadin baƙar fata kuma, in ƙidayar kawuna ake bi, ya ninka na 1971 fiye da sau goma. Amma makarantun ma sun faɗaɗa a tsawon wannan zamani, saboda haka rabon baƙar fata, wanda ya kai wajen kashi 5 a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, ya tsaya cik a nan har ya ɗan ja baya, alhali su wajen kashi 13 ne na jama'ar ƙasar. Wa'adin da kwamitin Padulo ya sa ya wuce da fiye da shekara talatin ba a cika shi ba. Ba rashin sanin magani ne ya kawo haka ba, domin da cibiyar Howard Hughes ta ba da kuɗi aka kwaikwayi tsarin Meyerhoff a jami'o'in Penn State da North Carolina tun daga wajen 2013, ya yi aiki a can ma, a 2019 kuma gidauniyar Chan Zuckerberg ta ba da dala miliyan 6.9 don a kai shi Berkeley da San Diego. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne tsada da wahala: yana cin kuɗi a kan kowane ɗalibi, yana bukatar manyan malamai su buɗe ɗakunan bincikensu ga yara 'yan shekara goma sha takwas, yana kuma bukatar shugaban da zai zauna a kansa shekara da shekaru. Jami'o'in da suka yarda su biya wannan farashi ba su da yawa, kuma galibinsu sai da wani attajiri ko wata gidauniya ta fara ajiye kuɗin.